Ranar da Motar Alhaji Falalu Ta Tashi Sama

Duk wanda ya sayi mota a Tanout a 'yan shekarun nan, ko dai a hannun Alhaji Falalu ya saye ta, ko kuwa sai da ya biyo ta rumfarsa ya ji ta bakinsa tukuna. Motocin na hannu ne, sun ci ƙuruciyarsu a wasu ƙasashe kafin su iso mana, yawancinsu katkat masu buɗaɗɗen baya, irin waɗanda ke shiga yashi da buhunan gero su fita. Alhaji ba ya talla, yana ma ganin talla aikin masu ƙosai ne. In ka zo saye sai ya miƙa maka makulli, ya ce ka loda abin da ka saba lodawa, ku kama hanyar ƙauyenku tare ku dawo. In ta yi maka, madalla. In ba ta yi ba, ka sha shayi ka tafi. Haka yake cinikinsa, kuma yana ji da kansa a kan haka har abin ya yi yawa.

Abdulgafar kuwa a rumfar nan ya tashi. Alhaji ne ya koya masa komai, tun daga sauraron inji har zuwa yadda ake yin shiru a bar mai saye ya gama kushe mota. Da ya kawo ƙarfi ya yi aure, ya nemi izinin buɗe tasa rumfar. Alhaji ya sa masa albarka a gaban jama'a, har yana cewa ɗansa ne na cikinsa. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne rumfar za ta kasance a tsallaken titi, daidai inda idonsa ke sauka duk lokacin da ya ɗago kai.

Da farko abin bai dame shi ba, don in Abdulgafar ya sayar da ɗaya, shi ya sayar da uku. Har yakan tura masa ƙananan masu saye, yana jin daɗin a ce Alhaji mutumin kirki ne. Ana nan ana nan sai bidiyon ya fito.

Abdulgafar ya daɗe yana kallon tallan kamfanonin motoci na ƙasashen waje a salularsa, inda mota ke hawa dutse tana keta ruwa ba ko ƙwarzane, sai ya ce shi ma zai yi nasa. Ya kai wata farar katkat busasshen tabkin da ke bayan gari. A bidiyon za ka ga motar ta taho a guje, ta juya wuri ɗaya har bayanta ya koma inda gabanta yake, ta sake miƙewa ta nufi tudun yashin da ke bakin tabkin, ta hau, ta tashi. Tayoyi huɗu a sama, an rage saurin hoton don kowa ya ƙoshi da kallo, ga kiɗa na tashi. Da ta dira sai ga Abdulgafar ya jingina da ita, da baƙin gilashi a ido, yana faɗin sunan rumfarsa. Ba shi ya tuƙa ba ma, amma shi aka gani.

Kafin ka ce me, babu salular da bidiyon bai shiga ba. 'Yan kabu-kabu a tasha shi suke kallo, mahauta shi suke kallo da hannu duk kitse, makiyayan da suka shigo cin kasuwa su tsaya su nemi a sake nuna musu. Rumfar Abdulgafar ta cika da samari tun safe har la'asar. Da Alhaji zai natsu ya duba da kyau, da ya ga babu ɗaya cikinsu da zai iya sayen taya, balle mota. Amma shi ba aljihunsu yake kallo ba, yawansu yake kallo, da yadda duk sun juya wa rumfarsa baya.

Ran nan ya koma gida cin abincin rana, tun daga zaure ya jiyo kiɗan nan. Ya tarar da matarsa Hajiya Rabi a tsakar gida ta duƙufa a kan salula, miya na tafasa ba mai kula da ita.

"Hajiya, har da ke?"

"Alhaji, ka ga yaronka kuwa? Wallahi ya yi ƙoƙari. Zo ka ga yadda ta tashi."

"Na gani. Mota ce ko fara, da za a yabe ta don ta yi tsalle?"

"To ai kai ma abin alfaharinka ne. Wa ya koya mishi sana'ar?"

"Ni ban koya mishi hauka ba."

Rabi ta ajiye salular ta dube shi sama da ƙasa. Ta daɗe da sanin mijinta, ba ta kuma iya ɓoye abin da ta gani ba. Ta ce, "Alhaji, kishi kake."

"Ni? Da wa?"

Ta tashi ta sauke miyarta. Ya ci loma biyu ya ce tuwon ya yi sanyi, alhali tururi yake.

Kishi ne kuwa, ba wani abu ba, irin mai hana mutum jin ɗanɗanon shayi. In ya ji an yi dariya a tsallaken titi sai ya ɗauka da shi ake. In Abdulgafar ya tsallako da safe ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana," kamar yadda ya saba, sai Alhaji ya ga kamar durƙuson bai kai na da ba. Dattijo mai furfura, ya koma yana auna gwiwar mutum.

Duk da haka da ya haƙura, ba don Malam Idrisa ba. Malam Idrisa babban ɗan kasuwar hatsi ne a Belbeji, tun motarsa ta farko a hannun Alhaji ya saya, kuma bai taɓa saye a wani wuri ba. Mutanen Belbeji da na Gangara shi suke bi: inda ya sayi mota, nan su ma za su saya. Tun cikin damina ya zo ya ga wata katkat mai ruwan toka, wadda duk rumfar babu kamarta, ya loda ta, suka je suka dawo, ya ce a ajiye masa, in an gama girbi zai zo ya ɗauka. Alhaji ya san in Malam Idrisa ya tsallaka titi, rabin masu sayensa sun tsallaka ke nan.

Wata ranar kasuwa, girbi ya kusa ƙarewa, sai ya hango shi a can. Malam Idrisa ya tsaya gaisawa a rumfar Abdulgafar, wani ya miƙo masa salula. Ya riƙe ta nesa da fuska yadda tsofaffi ke yi, ya kalla, ya sake kalla, yana kaɗa kai. Daga nan Abdulgafar ya ja shi suka zagaya bayan rumfa, suka ɗan jima. Da Malam Idrisa ya fito ya tsallako ya gaida Alhaji kamar kullum, ya shafa motarsa mai ruwan toka, ya ce saura kaɗan. Amma Alhaji bai ji wannan ba. Kaɗa kan nan kawai ya tsaya masa a rai, ya kuma yanke cewa na sha'awa ne.

Washegari ya aika a kira masa Abdu. Abdu direba ne da ya yi shekaru yana jigilar masu haƙar zinariya can arewa, mutumin da ake cewa bai san inda birki yake ba. Shi ne ya tuƙa farar motar Abdulgafar a bidiyon.

"Abin da ka yi wa wancan nike so ka yi mini, amma wanda ya hi shi," in ji Alhaji.

Abdu ya yi dariya. "Ba matsala, Alhaji. Wace za a sa?"

Alhaji ya nuna mai ruwan toka.

Dariyar Abdu ta ragu. Ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya dawo yana sosa ƙeya. "Wannan, Alhaji? Babu wata tsohuwa haka? Ai shi Abdulgafar tashi motar..."

"Kar ka kawo mini sunan nan a rumfata. Ni ba na nuna wa mutane tsohuwa. Wadda ta hi kowace za su gani, kuma da kaya a bayanta, gero na gaskiya, ba wayam ba kamar ta wasu."

Abdu ya ɗaga kafaɗa. Shi dai aikinsa tuƙi ne, motar ba tasa ba ce.

Da labari ya kai gida, Rabi ta ce, "Wai kai da ka ce hauka ne?" Ya ce nasa ba irin wancan ba ne, nasa nuna ƙarfin mota ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, rabin Tanout ya hallara a bakin tabkin. An loda buhunan gero an ɗaure su da igiya tamau. Alhaji ya zo da babbar riga mai aiki, ya tsaya inda kowa zai gan shi, ga masu ɗaukar hoto har biyu da ya ɗauko daga Damagaram. Abdu ya ja motar can nesa har ta koma ƙarama, ya tsaya, ya yi ta ba ta wuta tana gurnani. Sannan ya sake ta.

Gaskiya motar nan mota ce. Da kayan da komai ta juya wuri ɗaya, yashi ya watsu har kan na gaba-gaba, ta miƙe ta nufi tudun. Ta hau, ta tashi, ta wuce inda farar ta kai. Mutane suka yi tsit na ɗan lokacin da take sama. Sai ta dira, da wata ƙara mai nauyi daga ƙarƙashinta, wadda Alhaji ya ji har cikin haƙoransa. Ya san motoci, ya san abin da irin wannan ƙarar take nufi ga ƙarfe, ko da bai karye a ranar ba. Amma kafin tunanin ya zauna, ihun jama'a ya rufe shi. Motar ta zagayo lafiya lau ta tsaya a gabansa, samari suka yanyame shi suna kiran sunansa, wani maroƙi da ba a gayyace shi ba ya shiga yi masa kirari.

Ba zan ɓoye ba, Alhaji ya ji daɗi. Tunda yake sana'ar nan ba a taɓa yi masa ihu ba, sai dai a gode masa a hankali a tafi. Ya shiga gari yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Bidiyonsa ya danne na Abdulgafar, babu ko tantama. Samarin nan suka tsallako titi suka dawo rumfarsa, suna ɗaukar hoto a jikin motar, wasu har suna hawa bayanta. Abdulgafar ma ya zo ya durƙusa.

"Baba, na ga aiki. Allah ya sa alheri." Ya dubi motar. "Amma ba wannan ce Malam Idrisa ya ce a ajiye mishi ba?"

"Ita ce. Sai me?"

"Babu komi, Baba."

Ya tashi ya tafi fuskarsa ba walwala. Alhaji ya bi shi da kallo ransa fari ƙal, ya ce wa na kusa da shi, "Kun gani ko? Ƙyashi ke cin shi." Ranar ya sha shayi har zagaye na uku, ya kuma ji zaƙinsa.

Malam Idrisa ya zo bayan an gama ɗaure hatsi an kai rumbu. Ya sauka da hantsi, aka shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa suka tambayi iyali da dabbobi da yadda gero ya yi bana. Alhaji ya sa an wanke motar tana sheƙi. Ya ɗauko makulli ya ajiye a tsakaninsu. Malam Idrisa bai taɓa shi ba.

"Alhaji, yara sun nuna mini abin da aka yi."

"Ka ga ƙarhinta ke nan. Da gero a baya, ba wasa ba."

"Na gani. Na kuma ji saukarta."

"Babu abin da ya karye. Na duba da kaina."

"Na yarda da kai, ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Amma ka san hanyarmu. Duk sanda na loda ta, ta faɗa rami ta yi ƙara, zuciyata wancan tudun za ta tahi. Kai da kanka, in ka je sayen san huɗa, ka tarar jiya aka yi hawan ƙaho da shi, za ka saya?"

Alhaji ya ce, "Ai na gan ka a can kana kallon ta wancan yaron, kana kaɗa kai. Tashi motar ba tsallen ta yi ba?"

Malam Idrisa ya dube shi da mamaki. "Takaici ne ya sa ni kaɗa kai. Cewa na yi da shi, ni ba zan taɓa sayen mota a hannun mai yi wa mota haka ba. Shi ne ya ja ni baya ya nuna mini farar. Alhaji, ashe gawa ce. Ƙohwa ɗaya da waya aka ɗaure ta, takardu ma ba ta da su. Fenti ya yi mata don wasan nan kawai, ba ta sayarwa ba ce. Ya ce su kamfanonin waje dubbai suke ƙerawa iri ɗaya, su lalata guda su sayar da sauran, shi kuwa kowace mota tashi guda ce. Na sayarwa ba sa hita rumfa sai da mai saye a ciki. Ya ce a wurinka ya koyi haka." Ya gyara zama. "Duk da haka na ce mishi ina da motata a wurin Alhaji. Ni ban tahi ko'ina ba, ina nan ina jiran girbi."

A bayan Alhaji wasu samari biyu suna gardamar wa zai fara tsayawa a jikin motar a ɗauke shi hoto.

"Kana da wata kamarta?" in ji Malam Idrisa.

Babu. Sauran duk ƙanana ne, ba za su iya kayansa ba, su biyun kuma sun san haka.

Malam Idrisa ya shiga jan carbi, da alama abin da zai faɗa ya yi masa nauyi. Can ya ce, "Akwai wata shuɗiya a wurin yaron nan. Kaya na jirana, ba zan iya komawa hannu rabbana ba. Amma ni ban san cikin mota ba, kai ne idona tun farko. Don Allah tashi mu je ka duba mini ita. In ka ce a'a, na bar ta."

Da mari aka yi wa Alhaji da ya fi masa sauƙi. Amma mutumin da gaske yake roƙo, babu ko ɗigon izgili a muryarsa, kuma shekarun da ke tsakaninsu ba na ƙin irin wannan ba ne. Ya sa takalmansa. Titin nan da yake kallo kullum bai taɓa taka shi zuwa can ba sai yau, kuma ya ji idon kowa a bayansa.

Abdulgafar ya taso da sauri ya durƙusa, ya kawo kujera. Alhaji bai zauna ba. Ya sa aka ta da shuɗiyar, ya kasa kunne. Ya buɗe gaba, ya taɓa mai ya murza a yatsa. Sannan ya cire babbar rigarsa, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi.

Ya daɗe a can ƙasa fiye da yadda duba mota ke buƙata. Aibi yake nema, nema na gaske, har da addu'a a zuci. Ɗigon mai ɗaya, tsaga ɗaya a ƙarfe, walda ɗaya da aka ɓoye da baƙin fenti, kowanne zai wadatar. Ya bi kowane ƙarfe da yatsa, ya girgiza abin da ke girgizuwa. Babu komai. Ya kuma san ba ma sai ya samu ba. In ya fito ya taɓe baki kawai, Malam Idrisa zai juya ya tafi ba tare da tambaya ba, yaron kuma ba zai iya musa wa ubangidansa a gaban mutane ba. Ya kwanta nan yana kallon ƙarfen da ke saman fuskarsa, hassada na cin ransa, yana jin ƙafafun mutanen biyu tsaye suna jiransa.

Ya fito da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Abdulgafar ya miƙo hannu zai taimake shi, ya yi kamar bai gani ba.

"Yaya, Alhaji?" in ji Malam Idrisa.

Alhaji ya kakkaɓe hannuwansa, bai dubi kowa ba.

"Lahiyarta lau. Ɗauka."

Abdulgafar ya fara cewa, "Baba, na gode, Allah ya..." amma Alhaji ya riga ya saɓa rigarsa a kafaɗa ya kama hanya. Bai tsaya ya ga miƙa makulli ba. Yana tsakiyar titi ya ji an sake ta da injin a bayansa, sauti mai daɗi, babu gargada ko kaɗan.

A rumfarsa samarin sun ƙaru. Ɗaya ya sauko daga bayan mai ruwan toka da salula a hannu, yana washe baki.

"Alhaji, wai yaushe za ta sake tashi? Mutanen Gangara ma cewa suka yi a gaya musu, za su zo kallo."